Ɗakin Kankana a Cikin Rigar Aro

Har gobe ban manta da Juma'ar da hedimasta guda da malamin dabbobi guda suka baje a kan tabarmar shagonmu, da manyan rigunansu na masallaci, suna hura kaset ɗin gyam har kumatunsu suka yi ciwo ba. Ku da kuka shigo sana'ar nan bayan waya ta mamaye komai, kun sha tambayata me ya sa nake faɗa in na ji ɗayanku ya ce wa kwastoma "babu" kafin ya kwance kaya ya duba. To ku gyara zama, daga ranar nan na samo halin.

Shagon nan na Dutse, kamar yadda kuka sani, na Baba Ɗanjuma ne. Da rediyo ya fara, ya koma talabijin, mu muka zo muka ƙara waya. Tsarinmu bai canja ba: sabon shiga shara ce aikinsa da miƙo kaya, sai wanda aka yarda ya riƙe sukudireba, sai babban mai gyara da yake karɓar aiki daga hannun kwastoma. A lokacin ni ne a wannan kujerar. Sama da ni sai Baba, wanda ya daina gyara tun da idonsa ya yi rauni, amma bai taɓa daina ba da umarni daga kan bencinsa ba.

Ga wanda bai riski zamanin ba, kaset ɗin gyam ɗan akwatin roba ne da bai wuce tafin hannu ba. Na waje roba ce da takardar hoto a manne, mu a shago riga muke ce mata. A ciki akwai fanel, wato ɗan farantin da wasan yake kai. Ana cusa kaset a bakin inji, a jona injin da talabijin, mutum biyu kowa ya riƙe abin dannawa ɗaya, wanda muke ce wa hannu, su yi ta dannawa har a zo a kore su da tsintsiya.

Muna da buhun taki guda cike da su a ƙarƙashin benci, tun zamanin da Baba yake yi wa masu gidajen gyam gyara. Ni dai shara nake ɗaukarsa, har sai da wani saurayi ɗan Kano mai suna Mubarak ya fara zuwa. Shi tara su yake yi, yadda wasu suke tara tattabaru. Shi ya koya mini cewa wasa ɗaya yakan fito sau biyu ko fiye: akwai bugun farko, akwai maimaici. Bugun farko yana da nauyi a hannu, in ka kwance za ka ga manyan aisi, wato baƙaƙen ƙwayoyin lantarki masu ƙafafu da suke riƙe wasan. Maimaici kuwa sakayau ne, aisinsa ɗigon baƙin abu ne kamar an ɗiga kwalta, kuma masu bugawar sukan yanke wasu wurare na wasan don ya shiga ƙaramin fanel mai araha. Baba ya saurari duk wannan ya ce, "Yaron nan ko dai dukiya ta yi masa yawa, ko hankali ya yi masa kaɗan. Ko wanne ne, a ba shi buhun." Aka tsayar zai zo da mota ranar Asabar.

Ranar Alhamis kafin Asabar ɗin, bayan Babbar Sallah ne da kaɗan, wani dogon mutum siriri ya yi sallama. Ya gaida Baba har da rusunawa, ya gaishe ni, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, ya tambayi ruwan bana. Ina ta jira ya ciro waya daga aljihu, bai ciro ba. Ya ce sunansa Malam Bello, malamin dabbobi ne a wajen Jahun. Sai ya sassauta murya kamar mai neman maganin ciwon da ake jin kunyar faɗa.

"Wani tsohon kaset ɗin gyam nake nema."

Na ce, "Na yara ne, Malam?"

Ya ce, "Nawa ne."

Na tambaye shi wane wasa, ya ce sunan da rubutun Sin yake, babu wanda ya taɓa karanta shi, su dai Ɗan Tulu suke ce masa. Na san wasan. Wasu gajerun mutane ne biyu da tulu a ka, suna tafe suna jifan dodanni da duwatsu.

Ga labarin da ya ba ni. Su mutanen wajen Miga ne, gidan shanu. Da aka kai shi makaranta Jahun tare da yayansa Hamma Iro, sai yayan ya sayar da ɗan bunsurunsa ya sayo injin gyam da kaset ɗaya tal, suna jonawa a talabijin ɗin kawunsu. A mataki na uku na wasan akwai wata rijiya. Wata rana su biyun suka durƙusar da 'yan tulunansu a bakin rijiyar lokaci guda, sai ƙasa ta buɗe, suka faɗa wani ɗaki cike da kankana. Daga nan kullum sai sun shiga. Ba a jima ba Hamma Iro ya kwanta ciwo, Allah Ya karɓi abinsa. Mahaifinsu ya ce ba zai iya jin kiɗan wasan nan ba, ya tattara injin da kaset ɗin ya fita da su, kuma ba a sami mai ƙarfin halin tambayarsa inda ya kai su ba.

Bayan an kwana biyu aka buɗe gidan gyam a bakin kasuwar Jahun, da Ɗan Tulu a ciki. Bello ya tara abokansa ya ce yau zai nuna musu ɗakin kankana. Shi da amininsa Sale suka durƙusa a bakin rijiya, suka tashi, suka sake durƙusawa, har mai gidan ya karɓe hannayen, ƙasa ko motsi ba ta yi ba. Tun ranar sunansa ya koma Bello Kankana, kuma a majalisarsu duk wanda ya shara ƙarya sai a ce ya yanka kankana.

"Yanzu ga furfura," in ji shi. "Makiyaya suna yarda da maganata a kan ran shanunsu. Amma ranar nan 'yata ta dawo daga gidan suna ta ce, Abba, da gaske ne don ka iya ƙarya ake ce maka Kankana?" Ya yi 'yar dariyar yaƙe. "Ba sunan ne ya fi damuna ba. Mutum ɗaya ne ya ga ɗakin nan tare da ni, kuma yana ƙasa. In babu ɗakin, ban san me ya rage mini da shi ba."

Sai da Sallar nan mahaifiyarsu ta gaya masa cewa wani mai rediyo na Dutse aka kai wa kayan. Ya bi tambaya har ya iso mu.

Na dubi Baba, Baba ya nuna buhun da sandarsa. Muka zazzage shi a tabarma. Ba mu daɗe muna tono ba Malam Bello ya yi wuf ya ɗauki wani kaset rawaya mai hoton Ɗan Tulu. A bayansa an ƙona wata alama da ƙusa mai zafi, zane biyu da ɗan lanƙwasa a sama. Ya ce irin shaidar da suke yi wa shanunsu ce a cinya, Hamma Iro ne ya yi ta don kada kaset ɗin ya ɓata a hannun yaran unguwa. Ya ce duk abin da ɗan gidansu ya mallaka sai ya sa masa wannan shaidar, har bokitin wanka.

Tun da ya ɗauka bai ba kowa ya taɓa ba. Ya sa a aljihun gaba, ya kira Sale a gabanmu. "Gobe bayan Juma'a ka same ni a Dutse. Ka zo da idonka." Ni kuma na kwana da aikin tada wani tsohon inji daga cikin tarkace, na jona shi da ƙaramar talabijin da batirin sola.

Malam Sale hedimasta ne a wata firamare ta wajen Aujara, gajere mai tumbi, irin mutanen da dariya take riga su shiga wuri. Ya sauka daga mota rungume da kankana ƙatuwa, ya dire ta a tsakiyar shago. "Na ce in ba a samu ta cikin talabijin ba, kada a tashi da yunwa."

Ƙa'idar aiki ita ce a goge haƙoran fanel da auduga da sifirit kafin a cusa. Na ɗauko kwalba, suka haɗa baki suka ce ba haka ake yi ba, hurawa ake yi. Na bar su, don ba a jayayya da kwastoma biyu lokaci guda. Malam Bello ya hura, ya cusa, kiɗa ya tashi. Maƙwabtanmu masu walda da mai shayi suka taru a ƙofa.

Kai wa mataki na uku ma ya zama aiki. Yatsun da suka saba da alli da allurar shanu ba sa jin magana. Malam Sale ya faɗa rami ɗaya har sai da ramin ya san shi. Baba, da ba ya bambance talabijin da taga, shi ne yake ta cewa, "Yi tsalle mana, ka tsaya kallon me?" Da ƙyar suka isa rijiya. Suka durƙusa tare. Suka riƙe. Ba abin da ya faru. Suka matsa dama, suka matsa hagu, suka sake. Ƙasa tana nan yadda take.

Malam Sale ya ajiye hannun, ya share hawayen dariya da hularsa. "Bello, ka kawo ni tun daga Aujara in sake durƙusa wa rijiyar nan? Mai shayi, ara mana wuƙa." Mutanen ƙofa suka kwashe da dariya.

Malam Bello bai yi ba. Ya zare kaset ɗin, ya juya bayansa, ya daɗe yana duban shaidar. Ya ce a hankali, "Ga aikin hannun Hamma nan a jiki. Ko dai mafarki na yi?" Ya ajiye shi a kan teburina ya fara neman takalminsa. Ban taɓa jin tausayin babban mutum irin na ranar ba.

Na ɗauki kaset ɗin don in miƙa masa, sai na ji shi sakayau a hannuna. Na ce, "Malam, ɗan dakata." Na kwance shi a gabansu. Riga tsohuwa ce, roba mai kauri, amma fanel ɗin ciki ƙarami ne, da ɗigon kwalta a tsakiya. Na ce, "Wannan maimaici ne, irin wanda kuka buga a kasuwar Jahun. Rigar ta Hamma Iro ce, cikin ba nasa ba ne."

Na ji Baba yana dariya a bayana, irin ta wanda ya tuna ƙuruciyarsa.

"Ai wannan aikina ne, Ɗahiru. Ko ba na gani na san ɗinkina. Rigunan zamanin da roba ce ta gaske, na baya-bayan nan kuwa da sun faɗi sai su tsage. In mai gidan gyam ya kawo sabon kaset da fasasshiyar riga, sai in tuɓe wa tsoho tasa in sa wa sabon, tsohon fanel kuma in cusa shi a duk rigar da hannuna ya kai. Duk masu gyara haka muke yi, wa ya damu da hoto? Da gidajen gyam suka mutu, kayan suka dawo mini."

Malam Sale ya ce, "Wato Baba, duk buhun nan maƙaryata ne?"

"Ba ƙarya suke ba, ɗana, rigar aro suka sa." Ya buga sandarsa a ƙasa. "Amma ban taɓa jefar da fanel mai rai ba. In ya shigo shagon nan, yana cikin buhun nan."

Na tuna wa Baba cewa gobe Mubarak zai kwashe buhun. Ya ce to ashe yau ce ranar aiki, a rufe karɓar gyaran waya.

Tsarin da na yi mai sauƙi ne. Kowa ya ɗauki kaset ya jinjina a tafin hannu, mai nauyi a ajiye dama, sakayau a ajiye hagu. Masu nauyin kuma a cusa su ɗaya bayan ɗaya, ba ruwanmu da hoton da yake jiki. Nan fa aka ga ikon Allah. Mai hoton dambe ya fito da tseren mota. Mai hoton jirgin yaƙi ya fito da wani kwaɗo yana tsallaka titi. Mai hoton 'yar tsana ya fito da harbe-harben da ya sa mai shayi ya ja da baya. Baba kuwa sai gyaɗa kai yake yi, kamar ana karanto masa sunayen 'ya'yansa.

Da farko Malam Sale zolaya yake yi, kowane kaset ya ɗauka sai ya ce, "Wannan da alama gwanda ce a ciki." Amma bayan mun dawo daga sallar La'asar na lura ya daina. Ya tuɓe babbar riga, ya naɗe hannun 'yar ciki, shi ne mai hura kaset da ƙarfi fiye da kowa, hula ta karkace, gumi yana bin wuyansa. Ina jin maganar mafarkin nan ce ta tsaya masa a rai. Tarin dama yana ta raguwa, Malam Bello kuma ya koma bakin ƙofa ya zauna, ya daina kallon talabijin.

Saura 'yan kaɗan Malam Sale ya ɗago wani mai hoton 'yan ƙwallo, rigar ta tsage an naɗe ta da salatif. Ya hura, ya cusa. Kiɗan Ɗan Tulu ne ya tashi, amma da wani ɗan busa a farkonsa da na ɗazu ba shi da shi. Malam Bello bai ko waiwayo ba ya ce, "Shi ne."

Wannan karon babu mai dariya da suka faɗa rami. Masu walda suka kashe injinsu. Da suka isa rijiya Malam Bello ya ce, "Durƙusa, ka riƙe, kada ka saki sai na ce." Suka riƙe. Talabijin ta yi baƙi ƙirin, har na kai hannu zan duba wayar da ta jona inji da talabijin. Sai ga 'yan tulun nan biyu suna faɗowa daga sama, suka dira a wani ɗaki mai koren bango, kankana jere daga wannan kusurwa har waccan.

Mai shayi ne ya fara salati. Malam Sale ya saki baki, ya dubi talabijin, ya dubi abokinsa, ya sake duban talabijin. Hedimastan ya gyara riƙon hannun. Sai kawai ya hau tsince kankanar cikin wasan yana dariya kamar yaro, Malam Bello ma yana tsinta ta ɗaya gefen. Da ta rage saura ɗaya a can lungu, Malam Sale ya nufe ta, sai Malam Bello ya ɗora hannunsa a kan nasa.

"Bar ta. Hamma ba ya yarda a cinye. Cewa yake a bar wa wanda zai zo bayanmu."

Suka tsaya haka, 'yan tulu biyu a tsaye da kankana ɗaya a lungu, har lokacin wasan ya ƙare. Hawaye yana bin gemun Malam Bello, bai share ba. Malam Sale ya sunkuyar da kai ya ce, "Bello, ka yafe mini. Tun muna yara nake ƙaryata ku, kai da shi." Malam Bello ya ce, "Kai ma gaskiyarka ka faɗa, abin da ka gani ke nan." Sannan ya ce in sake kunna musu, wannan karon in ɗauka da waya, akwai yarinyar da take jiran amsa a gida.

Malam Sale ya ce daga yau ya soke sunan a majalisa, duk wanda ya sake faɗa shi da shi ne. Malam Bello ya ce a'a, a bar masa abinsa, yanzu ne ma ya fara jin daɗinsa. Aka kawo wuƙar mai shayi aka yanka ta Aujara, kowa ya samu, har masu walda. Na lura Malam Sale da kansa ya ware yanki ɗaya a gefen faranti bai bari an taɓa ba.

Baba ya ce in miƙo masa rigar mai shaida da fanel mai nauyi. Da lalube ya haɗa su, ya ɗaure da hannunsa, ya miƙa wa Malam Bello. "Babanka ajiya ya ba ni, bai ce in sayar ba."

Washegari Mubarak ya zo. Da na ba shi labari ya dafe kai, ya ce irin wannan bugun farkon a cikin rigarsa ta asali shi yake nema tun da ya fara tarawa, ko a ba shi lambar mutumin. Baba ya ce ba a ba da lamba. Da ya ji kuma duk buhun rigar aro ce, sai ya zauna a kan tabarmar nan ya nemi aron sukudireba, ya wuni yana kwancewa yana mayar wa kowane fanel rigarsa, Baba yana gefe yana yi masa gyara.

Abin da na ɗauka daga ranar nan biyu ne. Na farko na sana'a ne: hoto da riga ba sa gaya maka abin da yake ciki, ko kaset ne ko waya, sai ka jinjina, sai ka kwance, domin kafin kaya ya iso hannunka ya bi ta hannun wani Baba Ɗanjuma. Na biyun kuma na mutanen da suke shigo mana ne. Wani ba gyaran kaya ya kawo ba, wani abu ne da yake tunawa ya zo ya ji ko gaske ne. In ka yi saurin ce masa babu, kai ka huta, shi kuwa da shi zai kwana.

Malam Bello yakan biyo in aiki ya kawo shi Dutse. Ya ce 'yarsa ce take riƙe hannu na biyu yanzu, kuma ita ma ta san ba a cinyewa.